Guntayen da muka zubar: nazarin aikin wata ɗaliba kan tayin ɓera a Maraɗi

Wata ranar Talata cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke sa kwamfuta ta mutu da kanta in ba a ɗora ta kan bulo biyu iska na ratsa ƙasanta ba, ɗalibata ta shigo ofis ta ajiye tata a gabana. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, ko dai ni na ɓata aikin, ko kuma bayanan ne ba su da kyau. Zscan4 ba ta fito ba."

Na rubuta wannan lamari daga tushe saboda ɗaliban da za su biyo bayanta, kuma saboda kuskuren da ya cinye mata makonni daga bakina ya fito.

Asalin aikin

Ba mu da ɗakin kiwon ɓerayen gwaji, ba mu da na'urar karanta DNA. Amma masu irin waɗannan kayan sukan zuba bayanansu a intanet kyauta, kowa ya ɗiba. A shekarar 2014 Qiaolin Deng da Rickard Sandberg na cibiyar Karolinska da ke Suwidin suka fitar da wani aiki a mujallar Science, inda suka ɗauki tayin ɓera, ko kusu kamar yadda muke cewa a nan, suka raba shi sel ɗai-ɗai, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da ake gina jiki da su, suka karanta RNA ɗin kowane sel tun daga ƙwan da maniyyi ya shiga, zuwa sel 2, sel 4, sel 8, sel 16, har ya zama ƴar ƙwallo mai rami a ciki wadda ke shirin manne wa mahaifa. Bayanan suna nan a rumbun GEO na Amurka. Aikin mastar ɗin ɗalibar shi ne ta ɗebo su ta gano waɗanne ƙwayoyin gado, wato sassan DNA masu ɗauke da umarnin aiki, ne ke farkawa a kowane mataki.

Ga wanda ba fanninsa ba ne: DNA kundi ne da aka rubuta da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. Na ɓera ya kai haruffa kusan biliyan 2.7, an rarraba su cikin ƙunsoshi da ake kira kuromozom, kuma sel yakan ɗauki kwafi biyu na kundin, na uwa da na uba, jimillar kuromozom 40. Kundin ba ya fita daga cibiyar sel. In sel na bukatar wani sashe, sai ya kwafe shi zuwa RNA, kamar yadda almajiri ke kwafe karatu a allo, ya yi aiki da shi, ya wanke. Wanda ya karanta allunan da ke cikin sel a wani lokaci, ya san wane shafi ne a buɗe a lokacin.

Ƙwan mace yana zuwa da guzurinsa, RNA da furotin da uwa ta tara masa. Da wannan guzuri tayin ke fara tafiya, kundinsa na kansa kuwa shiru. A ɓera yakan fara ɗan motsi a ƙarshen matakin sel ɗaya, sannan babban farkawa ya zo a matakin sel 2. A ɗan Adam sai tsakanin sel 4 zuwa sel 8. An daɗe da sanin cewa in aka sa wa tayin ɓera alfa-amanitin, wata guba da ake samu daga laimar kwaɗi wadda ke tsayar da kwafar RNA, zai rabu gida biyu da guzurin uwa, daga nan ya tsaya cak. Don haka matakin sel 2 shi ne ranar da yaro ke fara ci da guminsa.

Zscan4 kuwa ƙwayar gado ce, ɗaya daga cikin sanannun alamun wannan mataki. Ƙungiyar Minoru Ko ta bayyana ta a 2007: tana tashi a ƙarshen matakin sel 2, ta kwanta ba da jimawa ba. Duk wanda ya yi lissafi kan tayin ɓera bai ga Zscan4 a wurinta ba, ya san akwai abin da ya karkace. A teburin ɗalibar tana nan, amma ƴar mitsitsiya, kamar ba ita ake faɗa ba.

Inda aka yi ɓarin

Na'urar karatu ba ta karanta RNA gaba ɗayansa. Gutsuttsura shi ake yi, a karanta guntaye miliyoyi, kuma a waɗannan bayanai kowane guntu bai kai haruffa 100 ba. Daga nan manhaja ta ɗauki kowane guntu ta nemo masa gidansa a cikin kundin. Mun yi amfani da STAR, wadda ke bukatar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kusan gigabait 30, ta ɗalibar kuwa 8 gare ta. Sai ta riƙa tura aikin zuwa manyan kwamfutocin Galaxy da ke Firaibog a Jamus, waɗanda ake amfani da su kyauta. Da dare take yi, bayan sallar isha'i, lokacin da layin intanet ke ɗan sakewa. Sau da dama an ɗauke wuta tana tsakiyar sauke sakamako, ta sake daga farko.

Ranar da muka tsara aikin na ce mata, "Ɗiyata, guntun da ya sami gida ɗaya tak shi za ki ƙirga. Wanda ya dace da wurare da yawa ki bar shi, hayaniya ce." Haka aka koya mini, haka na koyar shekara da shekaru. Kuma haka manhajojin suke zuwa a saitinsu na asali: STAR na ajiye guntun da ya dace da wurare fiye da 10 a gefe, featureCounts da ke yin ƙirgar kuwa ba ta ƙirga duk guntun da ke da gida fiye da ɗaya sai an umarce ta.

Dalilin wannan ƙa'ida ba na banza ba ne. A ɗauka an rubuta doguwar waƙa mai baiti ɗari, kowane baiti da amshi a bayansa, sai aka yayyaga takardar. In ka tsinci guntun da ke ɗauke da baiti, ka san inda ya fito. In ka tsinci wanda amshi ne kawai a jiki, ba ka da hanyar sanin bayan wane baiti yake. Mai gaggawa sai ya tattara guntayen amshi ya zubar, ya jera baitocin. To amma wanda ya yi haka, in aka tambaye shi sau nawa aka yi amshi, ko a wane lokaci ƴan amshi suka fi ɗaga murya, ba shi da amsa.

Zscan4 ba guda ɗaya ba ce a ɓera. Kwafi ne da dama jere a kan kuromozom na 7, masu kama da juna ƙwarai. Gajeren guntu daga ɗayansu yakan dace da ƴan'uwansa, sai ƙa'idar da na ba ta ta share shi. Wannan mun gane shi cikin awa guda, kuma da a nan muka tsaya, da gyara ne ƙarami.

Ɗalibar ce ta ƙi tsayawa. STAR na fitar da wani ɗan rahoto bayan kowane aiki, wanda yawancinmu layin farko kawai muke dubawa. Ta koma gida ta jera rahotannin dukkan matakai, ta zana adadin guntaye masu gidaje da yawa. Bayan kwana biyu ta dawo da zanen. Layin ba a miƙe yake ba. Ya yi tozo a matakin sel 2, sannan ya sauko. Ta ce, "Malam, in hayaniya ce, yaya aka yi ta san lokaci?"

Ban sami abin ce mata ba a ranar. Na ce ta ba ni mako guda in yi karatu.

Abin da ke cikin ƙaiƙayin

Lokacin da aka fitar da kundin gadon ɓera a watan Disamba na 2002, an ga cewa kusan kashi 38 cikin 100 nasa saura ne na wasu sassan DNA masu kwafe kansu su sake shiga kundin a wani wuri. A ɗan Adam sun kai kusan kashi 45. Sassan da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin kuwa ba su kai kashi 2 ba. Tun 1972 Susumu Ohno ya yaɗa laƙabin "tarkace" ga irin wannan DNA da ba ya ƙera furotin, laƙabin kuma ya zauna a bakin mutane har ya shiga cikin yadda muke tsara lissafi.

Muka sake aikin. Muka ɗaga iyakar STAR daga wurare 10 zuwa 100, muka yi ƙirgar da TEtranscripts, manhajar da ƙungiyar Molly Hammell ta fitar a 2015. Dabararta ita ce ba ta nace sai ta san takamaiman kwafin da guntu ya fito ba, tana ƙirga shi a sunan danginsa. Wato ta daina tambayar bayan wane baiti, ta koma tambayar sau nawa aka yi amshin.

Abin da ya fara tasowa, ya kere kowa, shi ne MERVL. A ƙwai kusan babu shi. A matakin sel 2 ya yi sama kamar an kunna fitila, kafin sel 8 ya koma ƙasa. Mun zauna muna kallon zanen, ni da ita, babu mai magana.

MERVL asalinsa ƙwayar cuta ce ta bairos, daga dangin da ke rubuta kansu cikin DNA ɗin wanda suka kama. Ta shiga kakannin ɓera shekaru miliyoyi da suka wuce, ta shiga ƙwayoyin haihuwa, ta zama abin gado. Yau ɓera na ɗauke da ɗaruruwan cikakkun kwafinta, da dubban guntayen bakinta, wato sashen da ke aiki kamar makunni. Ba mu ne muka fara ganin tashinta ba, ko kusa. A 2004 Anne Peaston da Barbara Knowles na ɗakin bincike na Jackson a Amurka sun nuna cewa RNA ɗin irin waɗannan sassa ya cika ƙwan ɓera da ƙaramin tayinsa, kuma MERVL kaɗai na kaiwa kusan kashi 3 cikin 100 na saƙonnin RNA a matakin sel 2. Abin da ya fi kama hankalina a aikinsu shi ne, ƙwayoyin gado na ɓeran kansa da yawa suna aron makunnin bairos ɗin. Kwafa na farawa daga guntun MERVL ta zarce cikin ƙwayar gadon da ke maƙwabtaka. Makunni iri ɗaya warwatse a wurare da yawa yana nufin umarni guda zai iya tada ƙwayoyin gado masu yawa a lokaci ɗaya, kamar yadda kiran sallah ɗaya ke tada unguwa. Ga tayin da ke son buɗe kundinsa cikin ƴan awoyi, maimaicin nan da muke zubarwa shi ne amfanin.

A 2012 Todd Macfarlan da Samuel Pfaff na cibiyar Salk suka ƙara wani abu: cikin sel-sel na tushe da ake renonsu a faranti, ƴan kaɗan, ƙasa da 1 cikin 100, sukan kunna MERVL na ɗan lokaci, kuma a wannan hali sukan koma kama da sel na matakin sel 2, masu iya zama jikin tayi da kuma mabiyiya. Tun 1959 Andrzej Tarkowski ya nuna cewa sel ɗaya daga cikin biyun nan na matakin sel 2 na iya zama cikakken ɓera shi kaɗai. Wannan iko na ɗan lokaci ne, kuma lokacinsa ya zo daidai da lokacin MERVL.

LINE-1, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kundin ɓera, shi ma ya bayyana a teburinta, amma ba da kaifin MERVL ba. Na ja mata kunne a kansa. Tsoffin guntayen LINE-1 suna kwance birjik a tsakiyar ƙwayoyin gado na yau da kullum, don haka ganin guntunsa a RNA ba ya nufin shi ne ya farka, wataƙila maigidansa ne aka kwafa aka haɗa da shi.

Abin da ta sa rai ta gani bai fito da kyau ba shi ne DNA ɗin da ke kewaye da ƙugun kuromozom, wanda shi ne maimaici na ainihi: jimla ɗaya mai haruffa 234 ana nanata ta dubban sau a jere. Dalilai biyu ne. Kundin ɓeran da muka yi amfani da shi, GRCm38, yana da giɓi a daidai waɗannan wurare, domin na'urorin wancan lokaci ba su iya harhaɗa su ba. Sannan hanyar da aka bi aka kama RNA a bayanan 2014 an gina ta ne don saƙonni masu jelar harafin A, kuma ba ta nuna daga wane ɓarin DNA aka yi kwafar ba, tun da DNA ɓari biyu gare shi. Na gaya mata ta rubuta wannan a fili cikin kundin mastar ɗinta: rashin ganinsa a nan ba shaida ba ce cewa babu shi.

Gardamar da aka yi

Da ta gabatar da sakamakon a taron sashe, wani abokin aikina da ya girme ni a koyarwa ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malama, na ga ya tashi. Amma bayan maniyyi ya shiga ƙwai, ana kwance naɗin DNA ɗin uba, ana goge alamomin metil, wato ƴan sinadaran da ke manne a jikin DNA, da suka danne waɗannan sassa. In an cire ƙyauren garke, awaki za su fito. Fitowarsu ba ta nuna ana bukatarsu a waje."

Maganarsa na da ƙarfi, kuma har yanzu ina ganin ta shafi wani ɓangare na abin da muke gani. Bayananmu kuma ba za su iya amsa masa ba, tun da kallo kawai muka yi, ba mu taɓa tayin ba. Amsar tana hannun waɗanda suka toshe kwafar suka ga abin da ya biyo baya, kuma su ta kawo masa a zama na gaba.

A 2010 Aline Probst da Geneviève Almouzni na cibiyar Curie a Faransa suka nuna cewa maimaicin nan mai haruffa 234 ana kwafarsa da yawa a matakin sel 2, kuma ɗaya ɓarin ya fi fitowa daga kuromozom ɗin uba. A daidai lokacin ne ƙugun kuromozom ke tattaruwa su zama dunƙule-dunƙule a cikin cibiyar sel. Da suka lalata wannan RNA, dunƙulewar ta gagara, tayin ya tsaya a sel 2. A 2017 Joanna Jachowicz da Maria-Elena Torres-Padilla suka gwada LINE-1 ta fuska biyu: in aka kashe shi da wuri, naɗin DNA ba ya sakewa yadda ya kamata, in aka tilasta masa ya ci gaba bayan lokacinsa, naɗin ba ya komawa ya ɗaure, kuma ta kowace fuska tayin da ke kaiwa gaci na raguwa. A 2018 Michelle Percharde da Miguel Ramalho-Santos suka gano cewa RNA ɗin LINE-1 na haɗa kai da furotin nukiliyolin ya danne Dux, ƙwayar gadon da ke kunna MERVL, don tayin ya fita daga matakin sel 2. Maimaici ɗaya na kunnawa, wani na taimakawa a kashe. A 2023 ƙungiyar Haruhiko Siomi a jami'ar Keio ta Japan ta toshe MERVL kanta, tayin ya kasa kammala girmansa kafin mannewa, kuma suka nuna kwafar ce ake bukata, ba furotin ɗin bairos ɗin ba.

Na sa ta ta haɗa da labarin Dux gaba ɗayansa, don a nan ne ake koyon tsantseni. A 2017 ƙungiyoyi uku suka nuna Dux na kunna MERVL, mutane da yawa suka ɗauka an samo babban makullin. A 2019 Zhiyuan Chen da Yi Zhang suka cire Dux daga ɓeraye, sai ga wasu an haife su da rai, farkawar kundin ta ɗan raunana kawai. Daga baya, a 2023, aka gano dangin furotin OBOX su ma suna da babban hannu a wannan farkawa. Don haka ban yarda ta rubuta cewa an gama fahimtar lamarin ba. Ban kuma yarda ta rubuta cewa duk maimaicin da ke kundin yana da aiki ba. Abin da hujja ta ɗauka shi ne wasu dangogi ƙayyadaddu, a ƙayyadadden lokaci, tayin ɓera ba ya wucewa lafiya sai da su. Abokin aikina ya amince da wannan jimla, ya ce ragowar awakinsa suna nan.

Abin da ya biyo baya

An canza taken kundinta, ya koma kan yadda zaɓin hanyar ƙirga ke sauya abin da ake gani a matakin sel 2. Ta jera tebur biyu gefe da gefe, na ƙa'idata ta farko da na gyara. Ta so ta bi sawun kwafin uwa da na uba, tun da a bayanan 2014 uwayen da ubannin jinsin ɓeraye biyu ne daban, amma a cikin maimaici bambancin harafi ɗaya ba abin dogaro ba ne da guntaye gajeru haka, sai muka bar shi. Ni kuma na buɗe takardar darasin da nake raba wa ɗalibai, na goge layin da ke cewa a zubar da guntaye masu gidaje da yawa, na maye shi da shafi guda kan yaushe ake zubarwa, yaushe ba a yi. Na kuma rubuta wa tsofaffin ɗalibaina biyu da suka bi waccan ƙa'ida, na ce su sake duba rahotanninsu.

Ranar da za ta kare kundin ta zo da zangarniyar masara daga kasuwa. Ta nuna wa alƙalan cewa ƙwayoyi masu launi daban-daban a zangarniya ɗaya galibi barbarar iri ce kawai, amma ɗigo-ɗigo da zane-zane a jikin ƙwaya guda, irinsu ne suka kai Barbara McClintock ga gano sassan DNA masu ƙaura a shekarun 1940, a Kol Sifirin Haba ta Amurka, cibiyar da TEtranscripts, manhajar da ta ceci aikin ɗalibar, ta fito. Sai a 1983 aka ba McClintock kyautar Nobel. Kundin masara, da aka fitar a 2009, kusan kashi 85 cikin 100 nasa irin waɗannan sassa ne.

Wani alƙali ya tambaye ta mene ne amfanin tayin ɓera ga mutumin Maraɗi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɓeran makaranta ce. Kundin gero an fitar da shi a 2017, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 nasa maimaici ne. Duk wanda zai karanta RNA ɗin gero lokacin fari ko lokacin tsiro da saitin da na fara da shi, zai yi irin ɓarin da na yi."

Yanzu tana rubuta takardar neman digiri na uku a kan haka. Makon jiya ta hau kabu-kabu zuwa tashar binciken noma ta Tarna don ta tambayi irin geron da suke da shi a ajiye, ta dawo da sunayen iri huɗu a bayan littafinta, da tambayar nawa ne kuɗin aika samfuri a karanta shi da na'urar da ke fitar da dogayen guntaye.